Shiga, fita da sifili: kundin aikina a kan littafin shagon Baffa

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Bismillah. Yau na fara aikin da na daɗe ina ɗagawa.

Baffa hatsi yake sayarwa. Yana saro gero da masara da wake daga Dawanau, ya sayar da buhu ko da kwano. Yana da babban littafi mai baƙin bango, kowane layi lamba ɗaya: kuɗin da suka shigo a rubuta su haka nan, waɗanda suka fita a sa musu alamar ɗebewa a gaba. Duk ƙarshen wata ni da shi muke zama bayan sallar isha'i da kalkuleta, yana kira ina dannawa, har sha ɗaya ta wuce. In yatsana ya goce sau ɗaya, sai mu koma farko.

Wata biyu ke nan ina koyon Python, harshen rubuta shirin kwamfuta, a wayata da manhajar Pydroid 3. Abin da nake so ƙarami ne: in ba shirin jerin lambobi, ya ware mini na sama da sifili gefe guda, na ƙasa da sifili gefe guda, ya tara kowanne. Ga abin da na rubuta yau:

```
lambobi = [12000, -4500, 3000, -800, 0, 7500]
shiga = []
fita = []
for n in lambobi:
    if n > 0:
        shiga.append(n)
    else:
        fita.append(n)
print(sum(shiga), sum(fita))
```

Ya ba ni 22500 da -5300. Na gwada da kalkuleta, daidai ne. Na yi murna ƙwarai.

Kuɗin da na kashe: data ta naira 1,500.

Lahadi, 12 ga Janairu

Na so in gajarta layi biyu su koma ɗaya, sai na rubuta `shiga = fita = []`. Da na kunna shirin, duka jerin biyu suka fito da lambobi shida shida, jimillar kowanne 17200. Na fi awa ina duba `if` da `else`, ina zaton nan ɓarakar take, alhali lafiyarsu ƙalau.

Ashe wannan layin jeri ɗaya tak yake ƙirƙira, ya raɗa masa suna biyu. Kamar buhu ɗaya ne aka rubuta "gero" a gabansa, "dawa" a bayansa. Duk abin da ka zuba, ciki ɗaya yake faɗawa. Na tabbatar da `print(shiga is fita)`, ya ce `True`. In ana son layi ɗaya, ga yadda ake yi: `shiga, fita = [], []`. Nan buhu biyu ne.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne babu saƙon kuskure ko ɗaya. Shirin ya yi aikinsa lami lafiya, ya miƙo mini amsar da ba ita ba.

Talata, 14 ga Janairu

Babu wuta tun jiya. Na kai waya caji, naira 200. Ban taɓa aikin ba.

Alhamis, 16 ga Janairu

Na je shago da yamma na nuna wa Baffa. Ya gyara tabarau, ya matso da wayar kusa da fuskarsa, ya bi jerin `fita` da yatsa. Da ya zo kan sifili sai ya tsaya.

"Wannan fa, me ya kawo shi nan?"

Na ce, "Baffa, ai sifili ne. Ko'ina aka ajiye shi ba ya canza lissafi."

Ya ce, "Lissafin kuɗi ba ya canzawa, gaskiya ne. Amma ka san abin da sifili yake nufi a littafin nan? Kaya sun fita, kuɗi ba su shigo ba. Bashi ke nan, ɗana. Shi na fi son in gani kafin komai."

Ya buɗe mini shafin Disamba. Sifili ya kai goma sha ɗaya a wannan watan kaɗai, kowanne da ɗan rubutu a gefensa: wance kwano uku na wake, wane rabin buhun masara. Ni ina kallon sifili a matsayin ba komai, shi kuwa a wurinsa mutane ne da ya san ƙofar gidajensu. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gano shi ba.

A lissafin makaranta ma haka abin yake: sifili ba ya cikin na sama, ba ya cikin na ƙasa. Ni ne na tura shi cikin `fita` da na yi amfani da `else`, wanda yake kwashe duk abin da ya rage ba tare da tambaya ba. Da `n >= 0` na rubuta, da cikin `shiga` zai faɗa, kuma nan ma ba gidansa ba ne. Gyaran:

```
if n > 0:
    shiga.append(n)
elif n < 0:
    fita.append(n)
else:
    bashi.append(n)
```

Yanzu `len(bashi)` yana faɗa mana sau nawa aka ba da kaya bashi a wata. Baffa ya ce a fara buga wannan adadin a sama, kafin jimillar shiga da fita. Na yi hakan.

Juma'a, 17 ga Janairu

Na gano Python 3 yana karɓar haruffanmu masu lanƙwasa a sunaye. Na rubuta `kuɗi = 500`, ya karɓa. Daɗi ya kama ni. Sai dai madannan wayata sai na danne harafi na jira kafin ɗ ta fito, don haka zan riƙa yi jefi-jefi.

Litinin, 20 ga Janairu

Na gwada wata dabara: maimakon sabon jeri, in riƙa cire na ƙasa da sifili daga jerin asali, abin da ya rage shi ne shiga.

```
lambobi = [5000, -200, -300, 1500]
for n in lambobi:
    if n < 0:
        lambobi.remove(n)
```

Amsa: `[5000, -300, 1500]`. Lambar -300 ta tsira.

Sai da na ɗauko takarda na zana akwatuna huɗu na gane. Zagayen `for` yana tafiya ne da lambar gurbi: gurbi na 0, na 1, na 2. Yana kan gurbi na 1 ya cire -200, nan take duk na bayanta suka matso gaba, -300 ta dawo gurbi na 1. Shi kuwa ya riga ya gama da gurbi na 1, sai ya wuce na 2 ya tarar da 1500. Kamar layin awo ne: an sallami mutum, na bayansa ya matso wurinsa, mai awo kuma ya ɗaga kai ya kira na gaba da shi.

In lambobin ƙasa da sifili ba su jeru biyu a jere ba, ba za ka taɓa ganin wannan matsalar ba. A littafin Baffa kuwa ranar sari fita take jeruwa biyar, shida: kuɗin kaya, kuɗin mota, 'yan dako, buhunan zuba. Na watsar da dabarar. Ban da haka ma, ba na son shirin da zai taɓa jerin asali. Littafi shaida ne, ba a goge shi.

Laraba, 22 ga Janairu

Na koyi gajeren salon nan na gina jeri a layi ɗaya: `shiga = [n for n in lambobi if n > 0]`. Yana da kyan gani. Amma don jeri uku sai an bi lambobin sau uku, kuma sharuɗɗan suna warwatse a layi uku, ana iya gyara ɗaya a manta sauran. Na bar zagayena na `for`, shi na fi ganewa.

Na sayi ƙaramin kibod na hannu da wayar haɗi ta OTG, naira 7,000 duka. Rubutu da babban yatsa ya ishe ni.

Asabar, 25 ga Janairu

Yau aka shiga aikin gaske. Ƙanwata ta kwafe mini layukan mako guda daga littafin a wayarta, ta turo ta WhatsApp, na zuba su cikin fayil. Shirin ya buɗe fayil ɗin, ya tsaya a layin farko:

```
TypeError: '>' not supported between instances of 'str' and 'int'
```

Duk abin da aka karanto daga fayil rubutu ne. A idona 12000 lamba ce, a wurin Python haruffa biyar ne a jere, kuma ba ya yarda a auna rubutu da lamba. Na sa `int()`, wanda yake mayar da rubutu cikakkiyar lamba. Ya wuce layi uku, ya sake tsayawa:

```
ValueError: invalid literal for int() with base 10: '4,500'
```

Waƙafi. Can gaba kuma ga alamar ₦ a wasu layukan, ga wani layin da ba komai a cikinsa. Na gaji da bin su ɗaya bayan ɗaya, sai na rubuta layi guda da zai share komai, ya bar alƙaluma da alamar ɗebewa kawai:

```
tsabta = "".join(h for h in layi if h.isdigit() or h == "-")
```

Saƙon kuskure ya ɗauke gaba ɗaya. Layuka 143 suka wuce sumul. Gobe ko jibi zan kai wa Baffa.

Talata, 28 ga Janairu

Wannan ranar ba zan manta da ita ba, kuma ina rubuta ta dalla-dalla don kada in sake.

Bayan la'asar muka zauna a shago. Baffa ya ƙirga abin da ke aljihun tebur, ya haɗa da abin da ya shiga ta POS, ya ce ragowar makon ta kama 178,500. Na kunna shirina, ya ce 214,500. Bambancin naira 36,000.

Na ce, "Baffa, na'ura ba ta kuskuren tarawa." Da bakina na faɗi haka.

Baffa bai ce komai ba. Ya sake ƙirga kuɗin, yana lasar yatsa, a hankali. Ya ɗaga kai ya dubi yaron shagonsa, wanda yake can bakin ƙofa yana ɗinke bakin buhu da basilla. Kallo ɗaya ne, bai fi ƙiftawar ido ba, amma yaron ya gani. Hannunsa ya tsaya a kan buhun. Shekararsa huɗu a shagon nan, shi yake buɗewa da safe, shi yake riƙe makulli in Baffa ya tafi sari. Bai ce uffan ba, ya sunkuyar da kai ya ci gaba da ɗinki.

Jikina ya yi sanyi. Na ce a ba ni littafin in tafi da shi gida.

Bayan isha'i na shimfiɗa littafin a kan tabarma, fitilar waya a hannu, ina bin layi layi. Sai wani abu da malaminmu na lissafi ya taɓa faɗa a aji ya faɗo mini: in lissafi ya ƙi daidaita, raba bambancin biyu ka nemi wannan adadin, domin lambar da aka juya wa alama ninki biyu take ɓatawa. Rabin 36,000 shi ne 18,000. Na duba. Ranar Laraba: kuɗin mota da 'yan dako, 18,000, da alamar ɗebewarta ɓaro-ɓaro da biron Baffa. Na duba jerin `shiga` na shirina, ga 18000 zaune a ciki.

Na koma fayil ɗin ƙanwata. Alamar tana nan a gaban lambar, ba ta manta ba. Amma da na ƙura ido sai na ga ta ɗan fi sauran tsawo. Na kwafe ta na sa a `ord()`, wanda yake faɗin lambar da kwamfuta ta san kowane harafi da ita, ya ba ni 8211. Na sa alamar ɗebewa ta kibod, ya ba ni 45. Haruffa biyu ne daban, ido ne kawai yake ganinsu ɗaya. Yatsanta ya ɗan daɗe a kan madannin, wayar ta sako doguwar. Layin sharata na ranar Asabar bai san wannan harafin ba, sai ya share shi tare da waƙafi da alamar naira, kuɗin da suka fita suka koma kuɗin da suka shigo.

Da na bar `int()` ya yi ƙorafinsa, da tun ranar Asabar ya tsaya a wannan layin ya nuna mini shi. Ni na toshe masa baki don in huta.

Ban yi barcin kirki ba.

Laraba, 29 ga Janairu

Da sassafe na riga Baffa zuwa shago. Yaron yana shara. Na gaishe shi, na ce masa kuskuren nawa ne, kuɗi ba su ɓata ba ko kwabo, ya yafe mini. Ya ce, "Ba komai, Yaya, Allah ya yafe mana baki ɗaya." Da Baffa ya iso na nuna masa layin a gaban yaron, da gangan, don a wanke shi a inda aka shafa masa. Baffa ya daɗe shiru, sannan ya kira shi da sunansa ya ce, "Zato zunubi. Ka yi haƙuri." Ya aike shi ya sayo mana shayi da burodi, muka karya tare.

Da dare na rushe layin sharar. Sabuwar ƙa'idata: abin da na sani da sunansa shi kaɗai zan cire, abin da ban sani ba shirin ya ware shi ya nuna mini. Na kuma lura cewa tsohon layin zai cinye ɗigon kwabo ma, 26.88 ta koma 2688, don ɗigo ba alƙalami ba ne. Allah ya sa ba mu kai nan ba.

Akwai alama ta uku ma, ta masu lissafi, lambarta 8722. Na saka ta cikin waɗanda za a mayar alamar kibod.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Lissafin Janairu da kalkuleta muka yi, kamar da. Ni na ce a yi haka. Shirin na gefe ina gwada shi, amma ba za a dogara da shi ba tukuna.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Baffa yana so a haɗa da bayanan asusun banki, don cajin tura kuɗi yana cin wani abu duk wata. Nan kwabo ya shigo: 10.75, 26.88, 53.75. Na canza `int()` zuwa `float()`, mai karɓar lambobi masu ɗigo, sai wata sabuwar ƙofa ta buɗe.

Na rubuta `0.1 + 0.2 - 0.3` don gwaji, ina jiran sifili. Ya ba ni `5.551115123125783e-17`. Ƙanƙanuwar lamba ce, ba ta kai ƙwayar gero ba, amma tana sama da sifili, kuma `n > 0` bai san ƙarami da babba ba, cikin `shiga` zai jefa ta. Dalili: kwamfuta da tushen biyu take ajiye lambobi masu ɗigo, kuma 0.1 ba ta da iyaka a tushen biyu, kamar yadda kashi ɗaya bisa uku yake zama 0.333 har abada a namu lissafin. Sai ta yanke ta a wani wuri. Wannan tsari ne na IEEE 754, wanda aka kafa tun 1985, kusan duk harsunan shirye-shirye a kansa suke, ba halin Python kaɗai ba ne.

A wannan tsarin har sifili mai alamar ɗebewa akwai. `round(-0.001, 2)` ya ba ni `-0.0`. Na tambaye shi ko `-0.0 < 0`, ya ce `False`, ko `-0.0 == 0`, ya ce `True`. Wato a rabona cikin `bashi` za ta faɗa, amma in aka buga ta a allo da alamarta za ta fito, mai karatu ya ɗauka fita ce.

Na yi tunanin in mayar da komai kwabo, cikakkun lambobi, tunda kwabo 100 ne naira ɗaya. Amma `int(0.29 * 100)` ya ba ni 28, don ninkin ya tsaya a 28.999999999999996, `int()` kuma yanke wutsiya yake yi. Mafita ita ce `Decimal`, wanda yake ajiye lamba da tushen goma irin namu, a ba shi rubutun kai tsaye kafin ya taɓa zama `float`:

```
from decimal import Decimal, InvalidOperation

def zuwa_kwabo(rubutu):
    r = rubutu.strip().replace("₦", "").replace(",", "")
    r = r.replace("–", "-").replace("−", "-")
    return int(Decimal(r) * 100)
```

`zuwa_kwabo("0.29")` ya ba ni 29. Da cikakkun lambobi babu guntun saura, babu sifili mai alama.

Data: naira 1,500 kuma.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Mura da hunturu. Kwana uku ban buɗe ba.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Wani abokina da ke karatun kimiyyar kwamfuta a jami'a ya zo hutun ƙarshen mako, na nuna masa. Ya ce aikin da nake yi yana da suna a wurinsu: matsalar tutar Holan. Edsger Dijkstra, masanin kwamfuta ɗan ƙasar Holan, shi ya fito da ita. Tutar ƙasarsu launi uku ce, ja da fari da shuɗi. A ba ka ƙwallaye masu waɗannan launuka a cakuɗe, ka jera su kashi uku da bi ɗaya, ba tare da ka nemi wani wurin ajiya ba. A nawa aikin, na ƙasa da sifili a hagu, sifili a tsakiya, na sama a dama.

Na kasa ganewa da baki, sai muka ɗebo wake da masara da gyaɗa muka jera a kan faifai. Tsinke uku muka sa: ɗaya yana nuna inda na hagu suka ƙare, ɗaya yana nuna ƙwayar da ake dubawa, ɗaya yana nuna inda na dama suka fara.

```
hagu, tsaka, dama = 0, 0, len(j) - 1
while tsaka <= dama:
    if j[tsaka] < 0:
        j[hagu], j[tsaka] = j[tsaka], j[hagu]
        hagu += 1
        tsaka += 1
    elif j[tsaka] > 0:
        j[tsaka], j[dama] = j[dama], j[tsaka]
        dama -= 1
    else:
        tsaka += 1
```

Inda na yi ta tuntuɓe shi ne reshe na biyu: hannuna yana son matsar da tsinken tsakiya bayan musaya. Ba a matsarwa, domin ƙwayar da ta zo daga dama ba a duba ta ba tukuna. Sai da na ga masara ta maƙale a cikin wake a kan faifan na yarda.

Dabarar ta burge ni matuƙa. Amma da na gwada ta a jerina na ranar farko, 12000 da take ta farko ta koma ta ƙarshe. Tana hargitsa tsarin zuwan lambobi, kuma tana taɓa jerin asali. A littafin shago tsarin zuwa shi ne kwanan wata. In Baffa ya ce a nuna masa fita ta uku a makon, dole ta zama ta ukun. Layukanmu ba su kai dubu a wata ba, wurin ajiya bai dame mu ba. Na koye ta, na ji daɗinta, amma ba za ta shiga shirin ba.

Ya kuma nuna mini `(n > 0) - (n < 0)`, wanda yake ba da 1 ko 0 ko -1, saboda `True` ɗaya ne, `False` sifili ne a Python. In aka ba `sorted()` wannan a matsayin ma'auni, yana jera kashi ukun ba tare da ya hargitsa na cikin kowane kashi ba. Na rubuta shi a bayan littafina.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Kafin ya koma, abokin nawa ya ce in ba shi wayar ya yi ƙoƙarin karya shirin. Ya rubuta layin da ba komai, ya rubuta "dubu biyar" da haruffa, ya rubuta 5OO da harafin O a madadin sifili, ya rubuta `nan`, wanda a Python yake nufin "ba lamba ba ce". Wannan na ƙarshen ya ce da ina kan `float()` da ya wuce salin-alin: ba ya sama da sifili, ba ya ƙasa, sai `else` ya kwashe shi zuwa `bashi`. Yanzu kuwa `int()` yana ƙin sa.

Matsalar ita ce layi ɗaya mara kyau yana tsayar da shirin gaba ɗaya. Na ƙara jeri na huɗu:

```
for lamba, layi in enumerate(layuka, start=1):
    try:
        k = zuwa_kwabo(layi)
    except (ValueError, InvalidOperation):
        matsala.append((lamba, layi))
        continue
```

Duk layin da shirin bai gane ba yana ajiye shi da lambar layinsa. In `matsala` ba fanko ba ne, shirin ba ya buga jimilla sam, layukan yake bugawa ya ce a gyara. Na sa haka ne saboda ranar 28 ga Janairu. Ya kuma riƙa tabbatar da cewa tsawon jeri huɗun in an haɗa ya yi daidai da adadin layukan fayil.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Jerin `matsala` ya yi kamun farko. Layi biyu a makon jiya an rubuta su cikin baka, (2,000) da (6,500). Ƙanin Baffa ne ya zauna a shago ranar, shi kuwa ya yi aikin akanta, a wurinsu lamba cikin baka fita ce. Da tsohon layin sharata ne, da ya cinye bakan ya mayar da su shiga, bambancin 17,000 ya sake faɗowa a kan wani. Na kira shi na tabbatar da bakinsa kafin in ƙara wannan:

```
if r.startswith("(") and r.endswith(")"):
    r = "-" + r[1:-1]
```

Mako uku a jere ke nan shirin da kalkuleta suna ba da amsa ɗaya.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Jimillar abin da na kashe zuwa yau: data 4,500, kibod da waya 7,000, caji wajen 1,200. Naira 12,700. Baffa ya ce zai mayar mini da kuɗin kibod, na ce ya bari.

Azumi ya ƙarato, ciniki zai ƙaru, bashi ma haka, don gero da wake ne abin kunu da ƙosai. Jiya Baffa ya dubi allon, ya ga an rubuta bashi sau tara, ya ce, "To, tara ɗin nawa ne? Kuma su wa da wa?" Shirin ba shi da amsa. Sifili yana faɗa mana an ba da bashi, amma ya haɗiye adadin, ya haɗiye mai shi. Wannan ba gyaran `if` ba ne, sai an canza yadda ake kwafe littafin tun daga tushe.

Shirin mataki na gaba: kowane layi ya zama gida huɗu, kwanan wata, adadi, iri, da bayani. Zan koyi `csv`, tsarin fayil mai raba gidajen layi da waƙafi, don karanta su. Layin bashi zai ɗauki ainihin kuɗin kayan, kalmar "bashi" a gidan iri ita za ta ware shi, rabon alama kuma ya tsaya a kan shiga da fita kawai. Sunayen masu bashi ba za su shiga waya ba, Baffa ya ce sirrin mutane ne. Lamba za mu ba kowa, sunan ya zauna a littafi. Ƙanwata ta yarda za ta riƙa kwafewa kullum bayan an sha ruwa maimakon a tara na mako, na kuma nuna mata gajeriyar alamar da doguwar a madannanta.

Lissafin Fabrairu ranar Juma'a ne bayan isha'i. Da kalkuleta da shirin za mu yi, gefe da gefe. Yaron shago ya ce yana so ya zauna ya ga yadda ake yi, Baffa ya ce ya zo da kujerarsa.